Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu makarantun kuɗi na Katsina: a rubuta kwanakin uzuri a takardar ɗaukar aiki

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta ƙasa, wato NAPPS, reshen jihar Katsina, da duk mai makarantar da yake biyan albashi ko da bai shiga ƙungiyar ba.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayena da yayyena, Alhazai da Hajiyoyi, ina gaishe ku da ɗawainiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina riƙe alli, daga baya aka ɗora mini riƙon littafin albashi. Saboda haka na san zaman mai jiran ƙarshen wata, na kuma san halin da mai biya yake shiga idan watan ya ƙare rabin iyayen yara ba su kawo kuɗin makaranta ba. Roƙo ɗaya na zo da shi: duk wanda za ku ɗauka aiki, daga shugaban makaranta har maigadi, a rubuta masa a takardarsa kwana nawa zai samu da cikakken albashi idan an yi masa rasuwa, ko haihuwa, ko jinya ta kama shi, ko takaba ta hau kan malama.

Na san amsar da da yawanku za ku bayar, kuma gaskiya ce: ai muna ba su. Ban taɓa ganin mai makaranta a garin nan da ya hana malami tafiya jana'izar mahaifinsa ba. Galibi ma shi ne zai cika motar makaranta da malamai a je gaisuwa, ya kuma sa hannu a aljihu. Abin da nake kuka da shi yana faruwa ne daga baya, ranar da aka zauna lissafin albashi. A nan ne za a tarar malami biyu sun yi rashi a wata ɗaya, ɗaya ya yi kwana bakwai ba a taɓa masa ko kwabo ba saboda ɗan ƙanwar Hajiya ne, ɗayan ya yi kwana huɗu an yanke masa na uku saboda babu mai faɗa masa a ofis. Ba wanda ya karya doka, don babu dokar da za a karya. Abin da ake bayarwa alfarma ce, ita kuwa alfarma tana bin fuskar mai nema da kuma irin safiyar da mai bayarwa ya tashi da ita. Malamin da aka yanke wa ba zai yi magana ba. Zai karɓa ya ce an gode, sannan ya fara tambayar abokai ko makarantar da ke bayan layi tana neman malamin lissafi.

Kafin wani ya ce ai gwamnati ta riga ta tsara wannan, bari mu duba abin da Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ce. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su wuce, ciki har da maganar hutu da albashin hutu da rashin lafiya. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashi. Sashe na 16 ya ba shi har kwana 12 a shekara idan shi kansa ne ba shi da lafiya, bisa takardar likita. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin, ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Iyakar abin ke nan. Babu rasuwa a ciki, babu jinyar ɗa ko mahaifiya, babu hutun uba idan matarsa ta haihu, balle takaba.

Akwai kuma wani lungu da ya shafe mu kai tsaye. Ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta fitar da masu aikin gudanarwa da masu aikin ƙwarewa. Maigadi da direban motar yara da mai shara da inna mai kula da 'yan nazare suna ciki babu tantama, amma lauya yana iya tsayawa ya ce malamin da ke da NCE ko digiri ƙwararre ne, dokar ba ta rufe shi ba. In haka ne, malami ba shi da wata madogara sai takardar da kuka ba shi. Ita kuwa takardar, a makarantu da dama layi huɗu ce: an ɗauke ka aiki, ga albashinka, ga ranar farawa, makaranta tana da ikon sallamarka. A wasu wuraren ko ita babu, da baki aka yi magana a ofis.

Ku dubi abokan karatunsu da suka samu aikin gwamnati. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya suna ba ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama hutun kwana 30 a shekara. Ma'aikaciyar tarayya tana samun aƙalla mako 16 na haihuwa. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwana 14 ga uba idan an yi masa haihuwa, aka kuma iyakance shi ga sau ɗaya a shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Legas ta fara ba uba kwana 10 tun 2014, Kaduna ta kai hutun haihuwa wata 6 a 2019. Ko nan Maraɗi da muke shiga ta Jibiya, dokar Nijar mako 14 ta ba mai haihuwa. Ban kawo waɗannan don in ce makarantar da ke da ɗalibi ɗari biyu a Sabuwar Unguwa ta yi gasa da baitulmalin tarayya ba. Na kawo su ne don ku ga abin da malaminku yake kwatanta kansa da shi duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ku kuma gane dalilin da ya sa ko albashin bai fi naku da yawa ba yake tafiya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tsarin Saudiyya, tunda ƙasa ce da mutanenmu suka sani. Dokar ƙwadagonsu ta ƙidaya kwanakin ɗaya bayan ɗaya: kwana 5 idan ma'aikaci ya yi aure, kwana 5 idan miji ko mata ko iyaye ko 'ya'ya suka rasu, kwana 3 idan an yi masa haihuwa, kwana 10 zuwa 15 na aikin Hajji sau ɗaya ga wanda ya yi shekara 2 a wurin bai taɓa sauke farali ba, sannan wata 4 da kwana 10 da cikakken albashi ga Musulmar da mijinta ya rasu. Wato rubuta irin wannan a yarjejeniyar aiki ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turai. Mu da muka yi karatun zaure ma mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma malaman fiƙihu ba su yarda da ijarar, wato yarjejeniyar aiki da lada, da ba a san lada ko aikin da aka yi ta a kai ba.

Rasuwa ita ce mai sauƙin tsarawa. A wurinmu da safe ake sanarwa, kafin azahar an kai maƙabartar Ɗan Marna ko ta Ɗan Takum an dawo, sai zaman karɓar gaisuwa na kwana uku. Ga wanda gidansu ke cikin gari, kwana uku zuwa biyar sun wadatar. Amma malamanku da yawa ba 'yan cikin ganuwa ba ne. Akwai 'yan Funtuwa da Malumfashi, akwai 'yan Baure da Zango, akwai kuma waɗanda iyayensu ke ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, inda shekarun nan suka koya wa mutane kada su kama hanya idan rana ta yi sanyi. Tafiyar da a da ake zuwa a dawo a yini ɗaya ta koma ta kwana. Sai a ƙara kwana biyu na hanya ga wanda zai fita daga shiyya. Haka kuma abokan aikinmu Kiristoci da suka zo daga Binuwai ko Inugu ko kudancin Kaduna, su ba a ranar ake binnewa ba, wani lokaci sai bayan makonni. A rubuta cewa mutum yana iya ɗaukar kwanakinsa a lokacin binnewar, kada a ce masa ai rasuwar ta daɗe.

Sai a kula da wa ake kira ɗan'uwa. Idan aka rubuta "dangi" kawai, an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba, don a Katsina kowa dangin kowa ne. Idan kuma aka kwafo jerin Turawa na uwa da uba da mata da 'ya'ya, an zalunci wanda goggonsa ce ta riƙe shi tun yaye, ita ya sani a matsayin uwa. Shawarata a ambaci iyaye da ma'aurata da 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya ko uba ɗaya da surukai, sannan ranar ɗaukar aiki a tambayi mutum ko akwai wanda ya riƙe shi, a rubuta sunan a fayil ɗinsa. Sauran, kawu da maƙwabci da abokin baba, a ba da awa biyu ko uku a je a yi sallah a dawo aji.

Jinya ce ta fi cin mutane, ita ce kuma ba a maganarta. Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a Babban Asibitin Katsina ko asibitin koyarwa na tarayya ko na Turai 'Yar'aduwa ya san majinyaci rabin ma'aikacin asibiti ne. Shi zai yanki kati, shi zai bi layin gwaji, shi zai fita neman maganin da babu a ciki, shi zai nemo mai ba da jini, ya kawo abinci, ya juya mara lafiya, ya kwana a kan tabarma a baranda. Idan aka ce a wuce asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, an tafi ke nan sai yadda hali ya yi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, da wuya mako ya wuce ba a samu malamar da ta kwana a asibiti da ɗanta ba. Doka ta ba ta kwana 12 idan ita ce ba lafiya, ba ta ba ta ko ɗaya ba idan ɗanta ne ke suma. To me kuke zaton za ta yi? Ko dai ta ce ita ce ba lafiya ta nemo takarda, ko ta zo aji da jajayen idanu wayarta a hannu, tana rubutu a allo hankalinta yana gadon asibiti. Na farko mun koya wa mutumin kirki ƙarya, na biyu kuma yaran da iyayensu suka biya kuɗi ba su samu darasi ba duk da an ga malama a tsaye. Kwana biyar zuwa bakwai a shekara na jinyar iyali, wanda za a iya ɗauka rabi-rabin yini, bisa nuna katin asibiti, zai kashe wannan matsalar kusan gaba ɗaya.

Maganar uba gajeriya ce. Ranar haihuwa da washegari yana asibiti ko yana zirga-zirgar itacen wanka da magani, ranar bakwai kuma suna. Kwana uku da zai raba yadda ya ga dama sun ishe shi, tunda ko ba a ba shi ba ranar suna ba zai zo ba. Ango ma haka, a ba shi kwanakinsa a sani, maimakon a riƙa yi masa dariya a ofis ana kuma yanke masa.

Hajiyoyi masu makarantu, ku nake fuskanta a nan, don an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yawancin masu koyar da ƙananan azuzuwa mata ne, kuma kun fi kowa sanin yadda ake yi: malama ta haihu, a ce ta je ta huta, albashi ya tsaya, idan ta yi arba'in ta dawo ta tarar an sa wata a ajinta. Mai haihuwar fari da ta tafi wankan gida ma sau da yawa ba ta dawowa. Mako 12 da rabin albashi shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta sani, ba kyauta ba ce. Wadda Allah ya hore wa ta cika albashin, wadda ba ta da hali ta tsaya a rabin, amma a rubuta, a kuma rubuta cewa ajinta yana jiranta.

Takaba ita ce mai nauyi, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu da kwana goma ya fi zangon karatu guda tsawo, kuma ƙaramar makaranta ba za ta iya biyan malama biyu a aji ɗaya na tsawon wannan lokaci ba tare da ta ji a jikinta ba. Sai dai ku tuna wace ce ake magana a kai: mace ce da mai ciyar da gidan ya tafi, albashin nan da a da na cefanen ƙari ne yanzu shi ne abincin marayu. A yanke shi a wannan watan, wallahi abin kunya ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa mai takaba tana iya fita da rana don buƙatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta, saboda haka akwai waɗanda za su zaɓi komawa aiki bayan 'yan makonni, akwai kuma waɗanda su ko danginsu ba za su iya ba. Kada makaranta ta zaɓar mata. Abin da nake gani mai yiwuwa shi ne cikakken albashi har arba'in, rabi a sauran kwanakin ga wadda ta zauna, da tabbacin aikinta yana nan. Nan ne kuma ƙungiya take da amfani fiye da taron shekara da rabon kalanda. Abu ne da ba ya faruwa kullum a makaranta ɗaya, amma a cikin makarantu da yawa ba a rasa shi. Idan kowace makaranta tana zuba ɗan wani abu kowane zango a asusu guda, daga nan sai a biya mai riƙon ajin, nauyin ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba. Mutanen da suka iya adashi ba sai an koya musu wannan ba.

Yanzu kuɗi, tunda a nan gardamar take. Mu ƙaddara malami yana karɓar naira 40,000 a wata. Idan aka raba da 30, kwana ɗaya ya kama kusan 1,333, kwana uku 4,000. Wannan ita ce ribar da makaranta ta ci idan ta yanke wa wanda ya binne mahaifiyarsa. Ku auna ta da abin da ake asara idan ya ajiye aiki a tsakiyar zango: makonnin da 'yan aji uku na sakandare za su zauna babu malamin lissafi ga jarrabawa tana matsowa, da iyayen da za su fara tambaya, da sabon da za a ɗauka a gaggauce ba a san ko ya iya ba. Af, tunda na ambaci rabawa, akwai wata dabara da ya kamata a daina: a riƙa raba albashi da kwanakin aiki 22 idan za a yanke, don kwanan ya yi tsada, amma a raba da 30 idan za a biya wanda ya fara aiki a tsakiyar wata. Malaman lissafi ne fa ake yi wa wannan. Masu ninka yankan kuma, a ce fashin kwana ɗaya ladan kwana biyu, su sani sashe na 5 na dokar ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa.

Za a ce malaman makaranta ai sun fi kowa hutu, sau uku a shekara. Haka ne, shi ya sa ban roƙi a ƙara musu hutun shaƙatawa ko kwana ɗaya ba. Amma ajali da naƙuda ba sa duba jadawalin ma'aikatar ilimi, kuma kun san akwai makarantun da ba sa biyan albashin dogon hutu, wato hutun nasu zaman rashin aiki ne da aka canza wa suna. Za a kuma ce wasu za su mayar da abin hanyar yawo, kakar mutum ta rasu sau uku. Akwai irinsu, na yi aiki da su. Sai dai rashin rubutu shi ne yake yi musu rana, domin inda babu adadi babu ranar da za a ce ka cinye naka. Littafi ɗaya a ofishin shugaban makaranta, suna da dalili da kwanaki da sa hannu, ya ishe ku. Mutuwa kuma ba ta ɓoyuwa a garin nan, ku da kanku kuke zuwa gaisuwar.

Wa zai riƙe ajin? A kwana biyu ko uku, abokan aiki ne, kamar yadda ake yi yanzu, illa dai a tsara tun farkon zango wa ke rufa wa wa, kuma wanda ya ɗauki darasin wani fiye da mako a ɗan saka masa da wani abu. A dogon hutu kamar na haihuwa, ana sanin lokacinsa watanni kafin ya zo. Ga masu NCE da suka gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma suna zaune a gida, da yawansu za su yi murna da aikin wata uku, ku kuma kun samu hanyar gwada wanda za ku ɗauka gobe.

Dalilin da ya sa na rubuto muku ban rubuta wa Majalisar Dokokin jiha ba shi ne, tsarin mulkin 1999 ya sa harkar ƙwadago a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma makarantu da yawa a nan suke. Jiran Abuja zai daɗe. Amma ma'aikatar ilimi ta jiha ita ke ba ku rajista, ita ke turo masu duba makarantu, ba abin da zai hana wata rana ta ce sai ta ga takardun ma'aikata kafin ta sabunta. Gara ku zauna ku tsara abin da kuka san za ku iya ɗauka, da a tsara muku a ofishin da ba a taɓa biyan albashi daga kuɗin makaranta ba.

Abin da nake nema a zamanku na gaba bai wuce shafi ɗaya ba. A naɗa mutum kaɗan, a sa mata a ciki, a sa malami ko biyu da ke karɓar albashi, a nemi lauya da malamin fiƙihu su duba, a fitar da samfurin da kowace makaranta za ta liƙa a bayan takardar ɗaukar aiki. Adadin da na ambata shawara ce, ku rage ko ku ƙara. A yi shi da Turanci da Hausa, maigadi da inna mai shara kuma a karanta musu a gaban shaida kafin su dangwala, a ba kowa kwafinsa ya tafi da shi gida. Waɗanda suka riga suka daɗe a aiki su ma a ba su, daga farkon zango mai zuwa.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya albarkaci makarantunku da zuri'arku.

Wassalam.

Ɗanku kuma ƙaninku,
wani malami mai riƙe da littafin albashi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.